Gwamen ƙafar yara ba gado ba ne kullum

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Cacavéli da safe, lokacin da yara ke tafiya makaranta, zai ga abin da nake nufi. Cikin jerin yaran ba a rasa mai gwame, gwiwoyi na gogar juna, ko wanda ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka. Da ka yi magana sai a ce maka gado ne, kakansa ma haka yake, ko kuma yawan goyo ne. Shi ke nan an rufe zance.

Gaskiya ne ƙaramin yaro kan yi bakan ƙafa kafin shekara 2, ya ɗan yi gwame wajen shekara 3 zuwa 4, sannan ƙafar ta miƙe da kanta wajen shekara 7. Amma ɗan shekara 9 da lanƙwasar ke ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce ta karkace, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, wannan ciwo ne.

Turawa sun daɗe suna cewa rashin hasken rana ke kawo laushin ƙashi. To mu rana ta yi mana kaɗan ne a Lome? A 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a Jos kan yara 123 masu wannan ciwo. Sun tarar sinadarin kalsiyam, wanda ke gina ƙashi, shi ne ya yi ƙaranci a abincinsu, kusan miligiram 200 kawai a rana. Waɗanda aka ba kalsiyam na mako 24 sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. A 2015 kuma suka nuna garin busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa ma yana warkarwa.

A nan ne nake da magana da ku 'yan kasuwa. Alhaji ya yi sammako zuwa Aflao ko Assigamé, Hajiya na wajen sana'arta, an bar wa yaro kuɗin koko da safe, garin rogo da rana, tuwon masara da dare. Ciki ya cika, ƙashi na jin yunwa. Masarar ma tana rage wa jiki kalsiyam ɗin da zai ɗauka. Alhali ƙananan busassun kifin nan da kuke sarinsu buhu-buhu, da kuka, da zogale, da nono da wagashi, duk a rumfunanmu suke. Muna sayar wa wasu, namu 'ya'yan na shan lemon kwalba.

Wanda ƙafar ɗansa ta riga ta lanƙwashe, kada ya kai shi wurin mai ɗori, ba karaya ba ce. A kai shi asibitin Sylvanus Olympio a ɗauki hoton ƙashi tun yana ƙarami, don idan ƙashi ya gama girma a karkace, sai tiyata.