Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tarayyar Afirka Kan Yammacin Sahara

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne kan jajen da ƙungiyarku ke ta yi wa Sahrawa, mutanen Yammacin Sahara, jajen da har yau bai mayar da ko mutum ɗaya gidansu ba.

Tun 1975 da Sifaniya ta fara naɗe tabarmarta, Maroko ta mamaye mafi yawan ƙasar. A 1991 aka tsagaita wuta bisa alkawarin ƙuri'ar raba gardama, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa tawagar MINURSO domin haka. Ba a kaɗa ƙuri'ar ba. Yaran da aka haifa a sansanonin Tinduf na Aljeriya yanzu sun aurar da nasu 'ya'yan, suna dai cikin tanti da ɗakunan laka, suna jiran buhun garin agaji, alhali ana kwasar fosfat ɗin ƙasarsu a Bu Kra ana lodawa a jirgin ruwa.

Ranka ya daɗe, Sahrawa ba baƙi ba ne a zaurenku. Jamhuriyar Sahrawi mamba ce, har Maroko ta yi fushi ta fice a 1984 saboda kujerar da aka ba Jamhuriyar, sai 2017 ta dawo. Ɗan gida ba a sallamarsa da "Allah ya kyauta".

Ina roƙon a mayar da batun gaban Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar Afirka, a tura tawaga ta shiga birnin El-Ayun na Yammacin Sahara ta ji daga bakin mutane. Abincin sansanoni kuwa, ku ware masa kuɗi daga aljihunku, kada a bar wa Turawa kaɗai. Sannan ku nemi a tsayar da ranar ƙuri'a.

Naku da girmamawa,
Wani ɗan Afirka