Gurbin Hausa a tashar jami'a: abin da Zangon Kwatano ke bukata

Tashar makaranta, ta rediyo ce ko ta talabijin, galibi shirye-shirye iri uku take ɗauka: na addini, na kiɗa da waƙa, da na harkokin makarantar kanta. Inda ake kuskure shi ne wajen rabon harsuna. Sai a ba Hausa wa'azi da waƙa, a keɓe zancen ilimi ga Faransanci ko Turanci, kamar dai Hausa ba ta iya ɗaukar nauyin bayanin shari'a ko kimiyya.

Zangon Kwatano, a Jamhuriyar Benin, wuri ne da wannan rabo yake da illa. Hausawa da Dendawa da Zabarmawa da Yarbawa suna zaune kewaye da babban masallacin unguwar, Hausa kuwa tana cikin harsunan ciniki da na karatun allo. Amma yaron Zango da Faransanci yake karatun boko, a titi kuma Fon ne ya fi yawa a kunnensa. Hausar da ke iso masa ta akwati daga nesa take zuwa: BBC tun 1957, RFI tun 2007, Arewa24 tun 2014. Duk suna da amfani, sai dai ba don shi aka tsara su ba.

Ba a raina shirin addini. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna ya nuna yadda malami da mai jan baƙi za su warware magana mai zurfi da Hausa, manomi da ɗan kasuwa su fahimta. Kalmomi irin su hujja, dalili, sharaɗi da hukunci a wannan fage suka goge. Waƙa ma ta yi nata aikin. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos ya san azanci da habaici. To amma ɗalibin da bai taɓa jin an tattauna dokar kwastan ko zazzaɓin cizon sauro da Hausa ba, da zarar magana ta yi nauyi zai koma Faransanci, ko da da mahaifiyarsa yake magana.

Jami'ar Abomey-Calavi, wadda aka kafa a 1970 a arewa da Kwatano, tana da gidan rediyo mai suna Radio Univers, kamar yadda Jami'ar Bayero ta Kano take da BUK FM. Irin waɗannan tashoshi, da duk talabijin da jami'a za ta buɗe, su ya kamata su ware ko da rabin sa'a a mako, 'ya'yan Zango da ke karatu su bayyana darussansu da harshen gida.

Wani zai ce Hausawa 'yan tsiraru ne a kudancin Benin, Fon da Gun da Yarbanci sun fi cancanta. Gaskiya ne, a ba su nasu; rabin sa'a ba zai tauye kowa ba.

Mai nazarin Hausa ma zai ci riba, domin Hausar Zango ba a cika naɗar ta ba. Babur ɗin haya da Bakano ke kira acaɓa, Bamaraɗe ya ce kabu-kabu, a Kwatano zemijan ne, kalmar da aka aro daga Fon. Irin wannan aro a bakin matasa yake, ba kasafai ake jin sa a kan mumbari ba, kuma shirin ɗalibai ne zai fito da shi.