Kafin Mu Yi Tafi, Mu Tambayi Birkin



Duk sanda bidiyon wani saurayi ya fito yana tsaye gaban "jirgin" da ya haɗa da langa-langa da injin babur, mun san abin da za ya biyo baya. Masha Allah ɗari biyar, "gwamnati ta taimaka mishi" ɗari uku, sai wasu ƴan tsirarun masu dariya. Mun duba, mun sake dubawa, ba mu taɓa ganin mutum guda ya tambaya ba: da mi za ya juya shi, da mi kuma za ya tsai da shi? To mu yau ita ce tambayarmu, kuma ba hassada ba ce.

A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun Toyota. Ya ɗaga daga ƙasa kamar mita 2. Ƙoƙari ne, babu mai musu. Amma can Kaduna akwai labarin da ba a faye ba mu ba. Tun 1989 anka fara tada Air Beetle, ƙaramin jirgin koyon tuƙi na sojan saman Nijeriya, anka haɗa guda 60. Asalinshi RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft na Amurka, irin wanda ake saye gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa a garejin gidanshi. Hannun baƙar fata ya haɗa su, sun tashi, sun sauka. Bambancinsu da na bidiyo shi ne awo.

Ku dubi birkin irin wanga jirgi. Tayar gaba ba ta da sitiyari, sake take. Matuƙi da birki yake juya jirgin in yana ƙasa: ya taka na dama ya karkata dama, ya taka na hagu ya karkata hagu, don kowace taya da nata birkin. Ke nan in ɗaya ya yi yoyo lokacin sauka, jirgin barin hanya za ya yi da gudu. Man ma ba na mota ba ne. Nashi ja ne, kuma in ka zuba na mota, robobin ciki sun lalace. Sandar da matuƙi ke riƙewa kuwa, sandunan ƙarfe ne sunka haɗa ta da fukafukai da wutsiya. Notin da ke wurin da ke motsi sai an soka mishi ƙusa ko an ɗaure shi da waya, don girgiza kada ta kwance shi. Noti guda! Can sama babu gefen gudron da za ka faka ka kira makanike.

Shi ya sa a Amurka ba a barin ka ɗauki kowa sai hukuma ta duba aikin, sannan yawanci ka yi awa 25 ko 40 kana gwaji a yankin da anka keɓe maka.

Yanzu mu dawo gida mu gaya wa kanmu gaskiya. Masu waldarmu gwanaye ne, ƙofa da amalanke da gadon ƙarfe sai dai a yaba. Amma sau nawa munka ji "haka ma ya yi" a gareji? Sau nawa anka ɗaure birkin kabu-kabu da guntuwar waya, ko anka sa noti ba girmanshi ba anka matse da ƙarfi, kuma mu ka hau da ƴaƴanmu zuwa Tibiri? Mu da ba mu kai mota gareji sai feda ta taɓa ƙasa, mu ne ke zuga yaro ya hau sama. In ya faɗo, mu ɗin dai za mu rubuta "Allah ya jiƙan shi, ƙaddara ce".

Wani za ya ce muna kashe gwiwar matasa. A'a. Mai kashe gwiwa shi ne wanda ya yi tafi ya wuce, bai saya wa yaron ko ma'aunin ƙarfe na jikka biyar ba.

Muna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, muna da Lycée Technique Dan Kassawa, muna da filin jirgi cikin garin nan, ƙasa kuma tana da hukumar ANAC mai kula da jiragen farar hula. Abin da muke roƙo ƙarami ne. Malaman kanikanci su buɗe ƙofa ga yaran gareji ko da ranar Asabar ce, su koya musu karanta zane da auna ƙarfe da milimita. Attajiranmu masu son a ambace su, su sayi injin sassaƙa ƙarfe guda su aje. A fara da abin da in ya ɓaci ba a mutuwa: sandar famfon ban ruwa na Jirataua, a sassaƙa guda 10, a auna a ga ko duka sun zo daidai.

Wanda kuma ke da bidiyon jirgi na gaba, don Allah ya kai kyamara ƙarƙashi ya nuna muna birkin tukuna.