Martani: Banjul ba Landan ba ce, Malam

Na karanta maƙalar da wani marubuci ya wallafa, inda ya ce 'yancin ɗan Adam igiya ce da Turawa suka murɗa don ɗaure mu. Malam, ka yi tuya ka manta da albasa.

Bayan rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, gwamnatin Babangida ta kafa Doka ta 2 mai ba da damar kafa kotuna na musamman. Da ita aka yi shari'ar Zangon Kataf bayan rikicin 1992, inda kotun Mai shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa a 1993, ba hanyar ɗaukaka ƙara.

Ina aka kai kuka? Banjul, gaban Hukumar Kare 'Yancin Ɗan Adam ta Afirka. Yarjejeniyar da ta haifi hukumar shugabannin Afirka ne suka amince da ita a Nairobi a 1981, Nijeriya ta tabbatar da ita a 1983. Hukumar ta ce an tauye haƙƙin shari'ar adalci. Wane Bature ne a nan?

Gaskiya ne manyan ƙasashe na wasa da kalmar 'yancin ɗan Adam, sun rungumi ɗan kama-karya Mobutu shekaru da dama. Amma munafuncinsu ba ya soke haƙƙinmu. Iyalan waɗanda aka kashe a Zango ma sun cancanci shari'ar da kowa zai yarda da ita. Shari'ar gaggawa ta hana su.