Haƙurin maƙwabtanmu Kiristoci, darasi ne gare mu ƴan kasuwa

Duk wanda ya taɓa wayar gari ya iske rumfarsa ta zama toka, ya san cewa "a yi haƙuri" ta fi sauƙi a bakin mai faɗa. Dattawanmu na Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba. To amma wutar da ta tashi da kanta daban take da wadda maƙwabci ya kunna da hannunsa.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da Asabar 17 a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta koma ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai, ƴan sanda sun ƙirga majami'u 45 da aka sa ma wuta. A Damagaram an fasa shagunan Kiristoci, wasu da dama suka fake a barikin soja. Alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi wannan zane. Mutanen da muke ciniki da su ne, muna ara musu mudu, suna ba mu canji.

Me suka yi bayan wuta ta mutu? Shugabannin majami'u suka yi kira da a yafe, kada kowa ya rama. Mabiya suka share toka, suka ci gaba da sujada, sannu a hankali suka sake gini.

Wannan hali yana da tushe a addininsu. A aƙidarsu, Yesu Almasihu ya sha azaba ba da laifinsa ba, kuma yana cikin azabar ya nema wa masu cutar da shi gafara. Saboda haka Kirista ba ya ɗaukar wahala a matsayin alamar Allah ya yashe shi. Suna kuma yawan tuna Ayuba, wanda ya rasa dukiya da ƴaƴa da lafiya bai saki Ubangijinsa ba, labarin da Musulmi ma ya sani tun yana ƙarami. Ramuwa kuwa, a ganinsu, ta Allah ce. Sannan ba sa barin mutum ya yi haƙuri shi kaɗai: akwai baikon ranar Lahadi, akwai zumuntar mata masu kai ziyara da tallafi gidan da abu ya samu.

Wasu za su ce ai ƴan ƙalilan ne, ba su da ƙarfin ramawa. Gaskiya ne ba su da yawa. Amma marar ƙarfi ma yana iya riƙe gaba, ya rufe ƙofarsa. Asibitin mishan na Galmi, a jihar Tawa, tun 1950 yake karɓar marasa lafiya, akasarinsu Musulmi, kuma bai rufe ƙofa ba bayan 2015.

Sai dai kada mu fake da haƙurinsu. Yafewar wanda aka zalunta ba ta wanke azzalumi, kuma ba ta sauke nauyin da ke kan hukuma.

Ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu tebur da masu talla, namu aikin a fili yake. Ranar tarzoma kada mu sayi kayan wawaso, komai araharsu. Wadda rumfarta ta ƙone, ko Maryamu ce ko Mariyama, a ba ta kwasar adashi kafin lokacinta, dillali ya ba ta kaya bashi har ta miƙe. Mu kuma ja kunnen samarinmu tun daga gida, domin wuta idan ta kama layi ba ta tambayar addinin mai rumfa.

Allah ya ba mu haƙuri, ya zaunar da Nijar lafiya, amin.