Malam, Buɗe Mana Makirfo

Ranar da na fara halartar darasi kai-tsaye ta Zoom, da kuɗin cefane na sayi data. Malamin ya shigo, ya danna maɓalli guda ya kulle bakin kowa, ya karanta mana takardarsa tsawon awa biyu, ya yi sallama. Tambayar da na rubuta a gefe har yau tana jiran amsa.

Ina tuhumar wannan salo, domin shifta ce aka sanya wa rigar zamani. A zauren lacca, ko malami bai so ba, fuskokin ɗalibai kan gaya masa inda aka ɓace. A intanet, wanda ya kashe makirfo ya toshe hanya ɗaya tilo da zai san ko an fahimce shi.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Nijeriya. An kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo. Amma da annobar korona ta rufe makarantu a Maris 2020, sai ta tarar da jami'o'inmu suna fafe gora ranar tafiya.

Na san uzurin malamai: wuta ba ta tsayawa, sabis na yankewa, albashi bai kai ya kawo ba, ba a kuma horar da su ba. Duk gaskiya ne, kuma nauyin horarwa da kayan aiki yana wuyan hukumomin jami'a. Sai dai wace wutar lantarki ake buƙata kafin malami ya tsaya bayan minti 15 ya ce, "Akwai mai tambaya?" Nawa ake kashewa wajen naɗar darasi domin wanda sabis ya yanke wa? Karatun takarda ai ana iya aiko mana shi mu yi da kanmu. Lokacin haɗuwa na muhawara ne da warware abin da ya shige duhu.

Mu da ke bayan allon nan malaman firamare ne, ma'aikatan jinya, da matan aure da suka lallashi yaro ya yi barci kafin su kunna waya. Ba mu da wani aji sai wannan. Malam, kiɗa ya sauya. Buɗe mana makirfo.