Daga Bakin Lambu: Me Ya Hana Garahuni Yaushi?

Ranar Lahadin da ta wuce, a kasuwar Pitowa, wani mai lambu a bakin Binuwai ya tare mu da kukan da muka saba ji. Tumatur ya yi kyau har ya fara fure, sai ya riƙa yaushi da tsakar rana yana farfaɗowa da yamma, kafin mako uku ya bushe ƙayau. An ƙara ruwa, an fesa magani, duk a banza. Amma garahunin da ya hau darninsa, wanda ba wanda ya shuka, yana nan kore shar. Ya ce, "Malam, ina dalili?"

To, sau da yawa mai wannan ɓarna wata funfuna ce ta cikin ƙasa, masana na kiranta Fusariyum. Ta saiwa take shiga, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye. A tsaga karan a gani, cikinsa ya koma ruwan ƙasa. Feshi a kan ganye ba ya isa gare ta, kuma tana iya shekaru a kwance tana jiran shuka ta gaba.

Kowane amfani da irin tasa funfunar, ta tumatur ba ta kama garahuni. Shi ma ba gagara-badau ba ne: a Taiwan, inda ake noman ɗan'uwansa don miya, an gano tasa cutar a 1983, har manoma suka koma aurar da shi a kan saiwar soso.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya faru ne a Shatoranar, a kudancin Faransa. An daɗe ana noman malo a can, funfunar tana cikin ƙasa, amma ba ta cika kama shuka ba. A shekarun 1970 masana suka turara ƙasar da zafi, sai kariyar ta gushe. Suka ɗebi kaɗan daga wadda ba a turara ba suka gauraya da ƙasa mai cuta, cutar ta ragu. Ashe ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu cincirindo a jikin saiwa. Saiwa tana tsatso musu zaƙi, su kuma su cinye abincin da funfunar za ta ci, su tare mata ƙofa.

Mu kuwa a nan Garwa yaya muke yi da su? Tumatur bana, tumatur baɗi, a fangali ɗaya. Kara da yayi mu cinna musu wuta. Takin zamani shi kaɗai, alhali kashin shanu na zube a bayan gari. Yunwa muke gana wa masu gadinmu, har da mu malamai a lambun makaranta.

Mun shawarci mutuminmu ya tuge marasa lafiyar har saiwa ya ƙone su nesa da lambu, kada ruwan wannan fangali ya gangara wani, ya zuba ruɓaɓɓen taki, ya sa masara ko dawa a wurin na wasu shekaru. Ya ɓata fuska, don kuɗin tumatur ba ɗaya yake da na masara ba. Mun yi alkawarin leƙa shi bayan kaka.